Takin da Aka Mayar Gashuwa

A Nguru, in aka ambaci Cosmas mai gyaran rediyo, kowa da abin da zai faɗa. Masu bandar kifi cewa suke mutumin kirki ne, sai dai Allah bai ba shi wayon neman duniya ba. Matan unguwa cewa suke Hausarsa ta fi ta wasu 'ya'yan Hausawa daɗi, ba mamaki, tunda a kwatas ɗin reluwe aka binne cibiyarsa. Tsofaffin da suka san shi tun yana ba jirgi hannu kuwa, har gobe suna ba da labarin ranar da ya tsare jirgin da ya ɗauko wani babban mutum awa biyu cur a tasha, don makullin hanya, wanda sai da shi direba ke tashi, bai zo hannunsa ba. Amma 'yan Ƙungiyar Manoman Fadamar Gabaruwa magana ɗaya suke yi a kansa: wai shi ne mutumin da arziki ya yi wa sallama, ya leƙo ya ce masa gida ya cika.

Rabe, shugaban ƙungiyar na reshen Nguru, ba ya tankawa in ana wannan hira. Da can shi ke kare Cosmas. Daga baya ya zama shi ke fara dariyar. Yanzu kuwa, wata huɗu ke nan, in zai shiga kasuwa sai ya zaga ta bayan 'yan gishiri, don kada ƙafarsa ta bi ta gaban rumfar gyaran rediyo.

Asalin maganar littafi ne. Fadamar Gabaruwa tana tsakanin Nguru da Gashuwa, an yanka ta fili ɗari uku, kowane ɗan ƙungiya da nasa, kuma sunan kowa da lambar filinsa suna cikin littafi guda. Shekarar da ruwa ya yi ambaliya, littafin ya tafi da shi. Kafin ruwan ya janye sai ga littattafai biyu sun bayyana, kowanne da sunayen da ya ga dama. A shekarar nan an fasa kai, an raba zumunta, wasu har yau ba sa gaisawa.

Mardiyya ce ta kawo magani. 'Yar wani manomin tattasai ce a Gashuwa, ta yi karatun na'ura a jami'ar garin. Ta ce sunan abin bulokcen. Manoma suka ce bakinsu ba zai ɗauka ba, suka raɗa masa suna Sarƙa.

"Littafi ɗaya ne," in ji ta, "amma yana zaune a wuri bakwai lokaci guda. Kowane shafi ɗaure yake da na bayansa. Ka taɓa ɗaya, sauran su tona ka."

Aka ajiye na'ura bakwai: uku a Nguru, har da ta rumfar Cosmas, uku a Gashuwa, har da ta Mardiyya, ɗaya a rugar Bappayo da ke gefen fadamar. Kowane mai fili yana da murya ɗaya a cikin wayarsa, zai ajiye ta a na'urar da ya yarda da mai ita. Ba filin da zai canza suna sai na'urorin da ke ɗauke da murya ɗari biyu sun amince. Masu sayen shinkafa da tattasai kuma suna biyan ɗan abin da bai taka kara ya karya ba don a tabbatar musu daga filin da kaya suka fito. Wannan ake raba wa na'urori gwargwadon muryoyin da kowace ta riƙe, mai na'ura ya cire na wahalarsa, ya raba saura ga waɗanda suka ba shi amana.

Shekarar farko mutanen Nguru suka yi wa Cosmas caa, kowa na so ya ajiye muryarsa a wurinsa. Ya karɓa har arba'in, sannan ya ce ya rufe.

"Haba, Oga Cosmas! Mun yarda da kai ne."

"Na gode. Ku rage yardar, ku kai wa wani saura."

Daga nan maganar arziki da sallama ta samo asali.

Alhaji Mu'awiya kuwa bai taɓa ce wa kowa gida ya cika ba. Babban dilan taki ne a Gashuwa, na'urarsa tana cikin ɗaki mai sanyi, ba ta taɓa ɗaukewa. A shekara ta uku ya sanar cewa duk wanda ya kawo muryarsa wurinsa yana da buhun taki kyauta, ban da kasonsa na kullum. A lokacin taki ya yi tsadar da mutum kan tsaya a gaban buhu ya yi ta kallonsa kamar mai kallon sa a kara. Rabe ne ya zama bakin Alhaji a Nguru. Bai ga laifi a ciki ba. Taimako ne ya zo, wa zai ƙi?

An yi taron reshe a filin makarantar firamare, ƙarƙashin dalbejiya. Cosmas ya miƙe, hularsa a hannu.

"Ni ba na ƙin taki," ya ce. "Amma ku duba. Ranar da murya ɗari biyu ta taru a na'ura ɗaya, littafin nan ya koma wuri ɗaya ke nan, kamar na da. Mu sauran shida mun zama 'yan kallo."

"Wato Alhaji ɓarawo ne?" wani ya jefo daga baya.

"Ban ce ba. Ko ni ne ke tara su, haka zan faɗa."

Rabe ya ga wasu kawuna sun fara gyaɗawa, shi kuwa ya riga ya yi wa Alhaji alkawarin Nguru. Maganar ta fito kafin ya auna ta.

"Baƙo dai baƙo ne. Wanda ba shi da kabari ko ɗaya a ƙasar nan, shi zai koya mana yadda za mu riƙe ƙasarmu?"

Samari suka yi dariya. Manya suka sunkuyar da kai, domin kowa ya san mahaifin Cosmas yana kwance a maƙabartar bayan reluwe, haka matar Cosmas ɗin, Amarachi, kuma ranar da aka kai ta Rabe na cikin waɗanda suka tsaya a bakin kabarin har aka gama. Cosmas ya sa hularsa, ya ce, "Allah ya ba da sa'a," ya fita. Kafin a fara dashen shinkafa, muryoyinsa arba'in sun koma goma sha ɗaya.

Wata huɗu bayan haka, wata safiya Rabe na zaune a rumfarsa yana tankaɗe tsakuwa daga samfurin gero, sai ga Keke Napep ta tsaya, Mardiyya ta sauko ko gyalenta ba ta gyara ba.

"Kawu Rabe, ka duba wayarka yau?"

Rabe da girmansa ya yi karatu. Yana da 'ya'ya uku ya fara haɗa baƙi, kuma a kan bencin rumfar Cosmas ya haɗa su, bayan La'asar, shekara biyu, ba a taɓa karɓar ko goro a hannunsa ba. Har yanzu da yatsa yake bin rubutu. Ya bi wannan a hankali, leɓunansa na motsi. Shawara ce na'urar Alhaji ta shigar: filaye ashirin da huɗu na bakin kogi za a haɗe su wuri guda da sunan kamfanin Alhaji, a kafa manyan injinan ban-ruwa. Masu su za a mayar da su kan tudu. Sauran 'yan ƙungiya kowa yana da ƙarin buhu baɗi.

Yatsan ya tsaya a kan lamba goma sha bakwai. Shekara uku Rabe ya yi yana yaƙi da ciyawar kacalla a filin nan, ruwa iya gwiwa, har matsattsaku suka san ɗanɗanon jininsa, kafin ya ga ƙwayar shinkafa ta farko.

"Murya nawa ke wurinsa?"

"Ɗari biyu da talatin da ɗaya."

Bai tambayi wanda ya tara masa su ba.

"Shawara kwana goma take yi kafin a rufe ta," in ji Mardiyya. "Da asuba aka sa wannan. Murya kuma in ka ce ta tashi, kwana bakwai take yi kafin ta bar inda take. Kwana uku gare mu, Kawu: yau, gobe, jibi. Ko duk masu bakin kogi sun tashi, saura ɗari biyu da bakwai. Sai mun samo ƙarin mutum takwas, cikin waɗanda ba a taɓa filinsu ba, har ma an yi musu alkawarin buhu."

Rabe ya zaci masu bakin kogi ba za su ba shi wahala ba. Ashe bai san mutanensa ba. Ya fara da Gaji, wata dattijuwa Babarbariya mai fili na biyar, wadda ke noma da jikokinta tun rasuwar mijinta. Ta saurare shi har ya gama, ta tofar da asuwakinta.

"Na ji, Rabe. Amma takinsa yana cikin gonata, shinkafata ta sha, har ta yi duhu. In tashi in juya masa baya alhali abinsa na cikin cikina? Da buhun na nan da na mayar masa, in ɗauke muryata da fuskata a wanke. To na zuba."

"Yaya Gaji, filinki zai tafi fa."

"Fili ya tafi da a ce Gaji ta ci amana. Kai ka kawo mana shi, ai."

Haka ya yi ta ji gida-gida. Wani ya ce kunya, wani ya ce kara. Malam Mahfuz, wanda filinsa ke can tsakiya, nesa da kogi, dariya ma ya yi.

"Kowa ya ci ladan kuturu, Rabe, ka san sauran. Ni kuma me ya shafe ni? Ba a taɓa ni ba."

"Malam, ruwan gonarka ta ina yake biyowa?"

"Ta filin Gaji."

"To in filin Gaji ya zama na kamfani, baɗi wa za ka roƙa ruwa?"

Malam Mahfuz ya daina dariya. Ya daɗe yana jan gemunsa, sannan ya ce, "Ko da na so, buhun fa? Na zuba. A tsakiyar rani ina zan samo wani, in ba a shagonsa ba?"

Nan abin ya tsaya. Ba wanda zai ɗauke murya sai ya mayar da buhu, buhu kuwa ya zama ganyen shinkafa. Rabe kansa ya zuba nasa tun makon farko.

Washegari da hantsi Mardiyya ta bugo waya daga Gashuwa. Ta ce ta tuna da wani abu: mutum sittin da tara da ba su taɓa karɓar takin Alhaji ba, da kuɗinsu suka sayi nasu, kuma lokacin zubi na biyu bai yi ba, buhunansu na nan a ɗaki. Ta bi na Gashuwa, ta samu goma sha huɗu. Bappayo ba shi da buhu ko ɗaya, da kashin shanu yake noma, amma ya ce duk wanda ya ba da nasa, zai kai masa amalanke biyu har bakin gona.

"Na Nguru kuwa, Kawu, ba za su ji maganata ba. Taka ma ba za su ji ba. Mutum ɗaya suke ji."

Rabe ya sauke wayar daga kunnensa, ya dubi hanyar kasuwa.

"Kawu? Kana ji na?"

"Ina ji."

Sai bayan La'asar ya iya. Ya bi ta hanyar da ya daina bi, yana jin kamar kowa a layin ya ajiye cinikinsa yana kallonsa. Cosmas na sunkuye a kan wata tsohuwar rediyo, hayaƙin dalma na tashi. A ƙarƙashin teburinsa na'urar na nan cikin akwatin katako, ɗan koren haskenta na ƙiftawa, wayarta ta bi ginshiƙi ta hau rufi wurin farantin sola. A jikin ƙusa kuma tsohon makullin hanya na rataye, ɗan guntun tagulla da hannu ya goge har ya yi santsi.

"Sallama, Oga Cosmas."

"Maraba da Ɗan Haɗeja." Haka yake kiran Rabe tun da can. Ya jawo benci da ƙafa, bencin nan dai. "Ina gajiya? Ina iyali? Yaya ƙafar uwargida Saudatu, ta daina kumburi?"

Ya amsa gaisuwar duka, ɗaya bayan ɗaya, kowace tana yi masa nauyi fiye da ta baya. Ya zo da magana biyu a bakinsa. Ta biyun, ta taki, ita ta fi sauƙi, sai ya fara da ita. Bai kai rabi ba Cosmas ya miƙe ya ɗaga labulen buhu da ya raba rumfar biyu. A baya, buhunan taki ne jere har rufi.

"Goma sha tara. Tun jiya da na ga shawarar na bi mutanena. Na san sai an mayar masa da abinsa kafin kowa ya motsa, ai ba yau na fara zama da ku ba. Uku na sama nawa ne. Ɗauki ɗaya, naka ne."

"Kai fa? Shinkafarka?"

"Shanun Bappayo sun yi mini alkawari. Ban taɓa jin saniya ta saɓa irin wannan alkawari ba."

Rabe bai yi dariya ba. Ya buɗe baki don maganar farko.

"Oga Cosmas, ni dai..."

"Ɗan Haɗeja, rana na tafiya. Je ka nemo mota."

Rana ta uku ta kama ranar kasuwar Gashuwa. A-kori-kura biyu suka tashi daga Nguru da sassafe, buhuna a ƙasa, mutane a kansu. A hanya suka tsaya a ƙauyuka biyu, wasu suka hau, ciki har da mutum uku da ba su zuba nasu ba tun farko, suna ta ɓoyonsa don su sayar. A bakin gari Mardiyya na jira da nata mutanen da amalanke. Malam Mahfuz ma ya zo, sanye da babbar rigar Juma'a, da maƙwabtansa na tsakiyar fadama a bayansa.

Ba su shiga da mota ba. Cosmas ne ya ce kowa ya ɗauki buhunsa da kansa. Haka suka ratsa kasuwa a jere, ta layin 'yan tattasai inda jan kaya ke shanye a tabarmi yana sa mutane atishawa, ta gaban masu kifi, kowa da buhu a ka ko a kafaɗa. Gaji ba ta iya ɗauka ba, sai maza biyu suka riƙe mata, ita kuma ta ɗora tafinta a kai tana tafe, don kada a ce ba ita ta kawo ba. 'Yan kasuwa suka bar ciniki suka biyo baya.

Alhaji Mu'awiya na zaune a ƙofar shagonsa a kan farar kujera. Ya kalli layin tun daga farkonsa har inda ido ya tsaya, bai motsa ba.

"Malam Rabe! Yau kuma ni ake kawo wa zakka?"

Aka yi dariya, har da wasu masu buhu a ka. Rabe ya sauke nasa a gaban kujerar, ya durƙusa ya gaishe shi yadda ya kamata.

"Takinka ne, Alhaji. Mun gode, ya yi mana rana."

"A garinku kyauta ake mayarwa?"

"Ba a mayar da kyauta, ranka ya daɗe. Wannan ce ashe ba kyauta ba."

Buhuna suka yi ta sauka, tim, tim, har suka tare ƙofar shagon. Gaji ta buga nata da tafi.

"Duba ɗinkin, Alhaji, ba a taɓa shi ba. Kada gobe a ce na Gaji da rami."

Alhaji ya miƙe. Ba fushi a muryarsa, sai dai ta mai ganin ana yi masa rashin fahimta. Ya ce su yi tunani. Injinansu na ban-ruwa kullum cikin tari suke kamar tsofaffin jakuna. Shi zai kawo manya, ruwa ya kai har kan tudu, a yi noma uku a shekara. Wa zai yi asara?

Malam Mahfuz ya gyara rigarsa. "Alhaji, maganarka da ƙamshin gaskiya. Da ka zo taro ka faɗe ta haka, wataƙila da mun yarda, wataƙila da mun ƙi. Amma sai ka bari bakinmu ya cika da abincinka, sannan ka yi tambaya. Mai cin tuwo ba ya iya cewa a'a."

Alhaji ya dube shi, ya dubi tarin buhunan, ya koma ya zauna. "Ku shigar da su ciki," ya ce wa ma'aikatansa. "Kada rana ta ɓata mini kaya."

A ƙarƙashin wata tsamiya da ke bayan kasuwa aka zauna ɗauke muryoyi. Mardiyya ta shimfiɗa gyalenta, masu waya suka kewaye ta. Da aka ƙirga, mutum arba'in da shida ne, domin wasu 'yan Gashuwa da suka ga jerin sun ruga gida sun ciwo bashin buhu daga maƙwabta sun biyo sahu. Ta tambayi na farko inda za a kai muryarsa.

"Wurin Cosmas."

Na biyu ma haka. Na uku bai jira an tambaye shi ba. "Dukanmu wurin Cosmas! Wa ya rage kuma?"

Cosmas ya ɗaga hannu, irin ɗagawar da ta taɓa tsayar da jirgi.

"Takwas zan ɗauka."

Aka yi masa caa. Rabe ya ce, "Da ai arba'in ka ce."

"Da na'urori bakwai duk suna da rai. Yanzu huɗu numfashi kawai suke yi. Mai murya biyar, abin da yake samu ko ruwan batir ba ya saya masa. In suka gaji suka kashe, saura mu uku. In ni ma na kwanta ciwo, saura biyu. Kun fito daga ɗakin Alhaji, kuna neman ku gina mini irinsa?"

"Kai ai ba za ka ci amana ba!"

"Yau ba zan ci ba. Gobe in na mutu, ɗana na Fatakwal ya zo ya sayar da akwatin nan fa? Wa kuka san zai saya?" Ya ci gaba. "A reluwe, layi ɗaya ne daga nan har Kano. Direba ba ya tashi sai makullin hanya na hannunsa, makulli kuma ba ya fita sai tasha biyu sun yarda, ta nan da ta gaba. Ba don ana zargin wani ba ne. Mutanen kirki ma suna yin gyangyaɗi."

"To Alhaji fa?" in ji Gaji. "Mu kwashe sauran duka mu bar shi da fankon na'ura?"

"A'a, Yaya. Na'urarsa mai kyau ce, ba ta ɗaukewa, muna bukatarta. Ba yanka ta muka zo yi ba. Ƙiba ce ta yi mata yawa."

Gaji ta yi dariya har sai da ta riƙe tsamiyar. Aka bazu: wasu wurin Mardiyya, wasu wurin Bappayo, wasu wurin sauran ukun da suka kusa rufewa. Da layi ya zo kan Rabe, ya miƙa wa Cosmas wayarsa, ya ce a hankali, "Tawa dai ka karɓa."

Cosmas bai dube shi ba. "Takwas ɗina sun cika. Kai wa Bappayo."

Rabe ya kai wa Bappayo. Duk hanyar komawa Nguru yana zaune a bayan mota, iska na dukan fuskarsa, mutane na waƙa suna tafi, shi kuwa yana juya maganar. Ƙa'ida ce, ko kuwa amsar da aka ajiye masa wata huɗu? Bai sani ba. Abin da ya sani, ya mayar wa Alhaji abin da ke kansa, amma akwai wani buhun da har yanzu bai sauke ba.

Cikin kwana bakwai ɗin an ji cewa yaran Alhaji suna yawo da alkawarin buhu biyu-biyu ga duk wanda zai dawo. Mutum uku ma sun karɓa. Amma dokar da ta kusa cin su Rabe ita ta ci Alhaji: muryar da ta tashi yau ba ta isa kafin a rufe.

Ranar ta goma aka taru a filin makarantar firamare, ƙarƙashin dalbejiyar nan. Har 'yan Gashuwa sun zo, Bappayo ya zo da sandarsa da warin garke a rigarsa. Da rana ta take tsaka, Mardiyya ta ɗaga wayarta, ta jira, ta sake dubawa.

"Ɗari da tamanin da biyar. Ba ta kai ba. Shawara ta faɗi."

Gaji ta rangaɗa guɗar da ta sa yaran aji suka leƙo ta taga. Maza suka yi ta musafaha, wani ya ɗaga Malam Mahfuz sama yana ihu a sauke shi, rigarsa za ta yage. Fili na goma sha bakwai yana nan da sunan Rabe, a wuri bakwai lokaci guda.

Rabe bai shiga murnar ba. Ya taka zuwa daidai inda ya tsaya wata huɗu da suka wuce, kusa da tushen bishiyar, ya tafa hannu sau uku. Hayaniya ta lafa. Cosmas na can gefe a kan benci, hularsa a gwiwa, ya riga ya fara shirin tafiya.

Zai iya bin sa rumfa ya faɗa masa su biyu, ya san za a karɓa, a jawo masa benci. Amma ba a rumfa ya yi ɓarnar ba. Ya cire tasa hular, abin da bai taɓa yi a gaban jama'a ba, ya riƙe ta da hannu biyu.

"Jama'a, a nan na faɗi wata magana, kuna ji. Na ce mutumin nan ba shi da kabari a ƙasar nan, alhali da ƙafata na raka matarsa. Na kira shi baƙo, alhali baƙin da nake karantawa shi ya koya mini." Ya juya ya fuskanci bencin. "Oga Cosmas, ƙarya na yi maka, kuma ina sane na yi. Na ci mutuncinka a gaban mutane saboda buhu ɗaya. Don Allah ka yafe mini."